Me ya sa kofin ƙwallon raga na matan Afirka bai taɓa kwana a Najeriya ba?

Malama Hajo: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun ranar Alhamis, na ce bari in kawo ta nan tunda akwai iyaye, akwai malamai, akwai kuma waɗanda suka fi ni sanin wasa. A makarantar 'yan matan da nake koyar da motsa jiki muna da raga guda ɗaya tak, ta tsufa, mun ɗinke ta da igiyar shanya ya fi sau biyar. Ranar Alhamis bayan an tashi na tara yarana na ƙwallon raga, su goma sha huɗu, na kunna musu wasan ƙarshe na gasar matan Afirka ta 2023 a wayata, wanda aka yi a Yawunde tsakanin Kenya da Masar. Kenya ta cinye zagaye uku a jere, Masar ba ta samu ko ɗaya ba. Yara sun yi tsit, kawuna a haɗe kan 'yar waya. Da aka gama sai wata 'yar aji biyar, doguwa ƙwarai, wadda ta fi kowa ƙarfin hannu a cikinsu, ta ce: "Malama, mu sau nawa munka ɗauki wanga kofi?" Na ce ko sau ɗaya. Ta ce to don mi? Wallahi na rasa amsar da ni kaina zan gamsu da ita. Shi ya sa na kawo muku tambayar.

Ɗan Arkilla: Wa alaikumus salam Malama. Ni kam ban ma san ana irin wannan gasar ba sai yau. Ƙwallon raga ita ce wadda Rima Strikers ke yi?

Koci Mai Usur: A'a ɗana, waccan ƙwallon hannu ta, mai gola da jifa. Ƙwallon raga ita ce wadda ake ɗaura raga a tsakiya, mutum shida nan, shida can, ba a barin ƙwallo ta taɓa ƙasa. Taɓawa uku kowane ɓangare ke da ita kafin su tura ta ƙetare.

Malama Hajo, kin taɓo mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Shekara talatin da 'yan kai ina busa usur a wanga wasa, bari in ba ku abin da na sani. Hukumar ƙwallon raga ta Afirka, wadda ake kira CAVB, ita ke shirya gasar. A 1976 anka fara ta a Bur Sa'id ta ƙasar Masar, Masar ɗin ce kuma ta ɗauka. Daga baya Tunisiya ta yi zamaninta. Tun da Kenya ta ɗanɗana a 1991 ba ta sake kallon baya ba: 1991, 1993, 1995, 1997, sannan 2005, 2007, 2011, 2013, 2015, sai na 2023 da kinka nuna wa yara. Goma ke nan. Masar na da uku, Tunisiya uku, Kamaru uku da ta jera a 2017, 2019 da 2021. Aljeriya ta ɗauka sau ɗaya a 2009 a gidanta.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne na 2001. A Fatakwal anka yi gasar, cikin gidanmu, gaban mutanenmu. Seshel ta zo ta ɗauke kofin, mu munka zo na biyu. Seshel fa, 'yan tsibirai a cikin teku, waɗanda duk mutanen ƙasar ba su kai rabin mutanen cikin garin Sakkwato ba. A 2005 anka sake kawo mana ita Abuja, Kenya ta zo ta tafi da shi. Legas ma ta karɓi baƙuncinta kafin nan. Mun sha shimfiɗa tabarma, baƙo ke tafiya da akushin.

Ɗan Arkilla: Kai! To ke nan ba rashin iyawa ba ne baki ɗaya, tunda an taɓa kaiwa na biyu. Ni abin da ke ɗaure mini kai, matanmu na ƙwallon ƙafa sun ɗauki kofin Afirka na goma a Maroko a 2025, 'yan ƙwallon kwando kuma sun jera biyar tun daga 2017. Me ya sa raga kaɗai ta gagara?

Zainabu 'yar jami'a: Yaya Ɗan Arkilla, 'yan kwandon nan da yawansu a Amurka da Turai suke wasa, wasunsu ma can aka haife su. Horon da suka samu ba mu muka ba su ba. A ƙwallon raga ba mu da irin wannan gatan, abin da muka shuka a gida shi za mu girba. Kuma mun ga abin da ya faru da wanda ya nemi gajeriyar hanya. A 2021 a Kigali, Ruwanda mai masaukin baƙi ta saka 'yan wasa huɗu 'yan asalin Birazil waɗanda takardunsu ba su cika ƙa'ida ba. Najeriya ce ta kai ƙara, aka dakatar da gasar, daga baya aka fitar da Ruwanda daga cikinta a cikin garinta. Mu a shekarar mun kai wasan kusa da na ƙarshe, muka ƙare na huɗu bayan Kamaru da Kenya da Maroko.

Baban Khalifa, Mabera: Salamu alaikum. Na karanta duka. Ni magana ɗaya gare ni, kuma ina roƙon kada a ɗauke ta da zafi. Malama, na ga irin wasan nan a talabijin, na kuma ga irin kayan da matan ke sakawa. Ina da 'ya'ya mata uku, babbar tana aji huɗu na sakandare. Ba zan yarda ɗiyata ta tsaya gaban jama'a da ɗan wando iya cinya tana tsalle ba, ko da kofin na zinare ne. In wannan ne kuɗin shiga gasar, Kenya ta riƙe kofinta. Mu Sakkwatawa ne, akwai abin da muka gada.

Malama Hajo: Baban Khalifa, babu zafi ko kaɗan, gara da ka faɗa, don abin da ka faɗa shi ne a zuciyar iyaye da yawa, sai dai ba su furtawa, kawai sai ka ga yarinya ta daina zuwa. Ni ma uwa ce, ni ma ba zan yarda da abin da ka kwatanta ba. Amma bari in gaya maka yadda yarana ke wasa. Dogon wando har idon sawu, riga mai dogon hannu da ta sauko gwiwa, ƙaramin hijabi da ake cusawa cikin wuyan riga don kada ya tashi. Filinmu yana cikin katanga, ko maigadi ba ya zuwa wajen in muna yi. Dokar wasa ba ta ce sai an tsuke ba. Abin da take so shi ne 'yan ƙungiya ɗaya su yi kaya iri ɗaya da lamba, ban da mai tsaron baya da ake kira libero, ita kaɗai ke saka launi dabam.

Zainabu 'yar jami'a: Baba, in ƙara a kan maganar Malama. A cikin 'yan wasan Masar akwai masu wasa da ɗankwali da dogon hannu, kowa na iya dubawa ya gani. Matan Iran duk ƙungiyar a rufe suke wasa. Har a ƙwallon raga ta bakin teku, wadda ita ce aka fi sani da ƙarancin sutura, wata Bamisiriya mai suna Doaa Elghobashy ta yi wasa da hijabinta a gasar Olamfik ta Riyo a 2016, duniya na kallo, ba wanda ya hana ta.

Baban Khalifa, Mabera: Na ji, ɗiyata. To ai sutura ɗaya ce daga ciki. 'Yan kallo fa? Maza za su cika wuri suna ihu. Kocin fa, namiji ne ko mace? Tafiya fa? A ɗauki yarinya a mota zuwa Kaduna ko Abuja, ta kwana huɗu ba uwa ba uba, da irin halin da hanyoyinmu ke ciki yanzu? Ku tambayi mutanen Isa da Sabon Birni ko za su saki yarinya ta hau hanya saboda ƙwallo. Ba ƙin ci gaba nake yi ba. Amana aka ba ni.

Hajiya Inno, Runjin Sambo: Allah shi yi muku albarka duka. Jikata ce ke rubuta mini, ni ke faɗa. Baban Khalifa, saurara in ba ka labari, don na girme ka nesa ba kusa ba.

Ni na yi wanga wasa. A makarantar kwana ta 'yan mata, zamanin da Gusau da Birnin Kabi duk jiha ɗaya muke, kafin a yanke Kabi a 1991 da Zamfara a 1996. Ni ce mai ɗaga ƙwallo. Aikina in karɓi taɓawa ta biyu da 'yan yatsu, in aza ta daidai bakin raga, doguwarmu ta taso ta sare ta. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar wannan sara. Ana kai mu wasa Gusau cikin motar makaranta, da malama biyu da uwar ɗakin kwana, a sauke mu a makarantar 'yan mata irin tamu, mu kwana a ɗakin kwanansu, mu yi salla tare, gari ya waye mu buga, mu dawo. Mahaifina malami ne mai almajirai, Allah shi jiƙan shi. Da anka gaya mashi, tambaya biyu ya yi: wa ke tare da su, kuma ina za su kwana? Da ya ji amsa sai ya sa albarka.

Abin da nike so ku gane, ba iyaye sunka kashe wasan ba. Ranar da munka gama makaranta, ranar ƙwallo ta ƙare. Ba inda za ka je. Doguwar nan tamu, na rantse da an samu mai riƙe hannunta da ta yi wa ƙasa wasa. Wata huɗu bayan jarrabawa anka yi mata aure, kuma ba auren ya hana ta ba, mijinta mutumin kirki ne. Fili ne babu, ƙungiya babu, wanda zai ce zo babu. Na haihu tara, gwiwata ba ta taɓa damuna ba sai bana. Ina ganin wasan nan yana cikin dalili.

Maman Sadik: Allah ya ƙara lafiya Inna. Maganarki ta sa ni hawaye. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kullum ina ganin mata 'yan shekara talatin da biyar da hawan jini da ciwon suga da ciwon baya. In ka bincika, tun da suka bar firamare ba su sake yin gudun da zai sa su zufa ba. Muna ce musu su riƙa motsa jiki, su ce a ina? Gaskiyarsu ne. Namiji zai fita titi da asuba ya yi gudu, mace fa? Ƙwallon raga kuwa ba ta cin wuri. Mita 18 a tsawo, 9 a faɗi. Tsakar gidan wasu manyan gidajen cikin gari ma ta isa.

Malam na Ƙofar Marke: Bismillah. An yi ta turo mini saƙo a gefe cewa in ce wani abu. Ni ɗalibi ne, abin da na sani kaɗan ne, amma ga shi. Motsa jiki ga mace ba abin ƙi ba ne a kan kansa. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Abin da ake dubawa shi ne abin da ke kewaye da wasan: sutura, cuɗanya da maza, tozarta lokacin salla, da barin karatu. Damuwar Baban Khalifa damuwa ce ta gaskiya, kada kowa ya raina ta. Ni dai na lura da abu guda a wannan wasan da babu shi a ƙwallon ƙafa ko ta hannu: raga ta raba tsakani, ba mai taɓa jikin wani, ba ture, ba riƙe riga. Sai dai Malama, ina da ƙorafi a kanku masu wasanni. Kuna son bayan La'asar, mu ma lokacin Islamiyya ke nan. Sau da yawa yarinya za ta ce mini an riƙe su a makaranta.

Malama Hajo: Allah shi gafarta Malam, ƙorafinka yana kan hanya. Zafin garin nan ne ya matse mu. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da awon zafi ke wuce 40, ba mai imanin da zai tsayar da yara a rana da ƙarfe biyu. Da hunturu kuma iska ke kwashe ƙwallo, yarinya ta buga sabis, wato bugun fara wasa, ta ga ta sauka wani wuri dabam. Shi ya sa na mayar da namu yammacin Alhamis da safiyar Asabar kafin rana ta ɗaga. Alhamis dai na san galibin makarantun allo da na Islamiyya suna hutu.

Malam na Ƙofar Marke: In Alhamis ce babu abin da ya shiga tsakaninmu.

Koci Mai Usur: To mu koma kan tambayar yarinya, don har yanzu ba a ba ta amsa ba. Hajiya Inno ta riga ta faɗi rabin amsar. Ga sauran rabin.

Kenya ba tsawo sunka fi mu ba. Ku shiga Gwadabawa ko Tangaza ko rugagen Fulani ku ga 'yan mata kamar goruba. Abin da Kenya ta yi shi ne ta haɗa tsani mai matakai, ba a cire ko ɗaya ba. Matakin farko makarantun sakandaren 'yan mata. Suna da gasa tun daga gunduma har ƙasa baki ɗaya, har su fita su kara da makarantun Uganda da Ruwanda. Akwai makarantu irin su Lugulu da Kwanthanze da anka san su da wanga wasa kamar yadda anka san Sakkwato da fatar jar akuya. Mataki na biyu ƙungiyoyi masu ba da aiki: Kenya Prisons ta ma'aikatan gidan yari, Kenya Pipeline ta kamfanin bututun mai, KCB ta banki. Yarinya na gama makaranta akwai mai jiranta a bakin ƙofa da riga da albashi. Uban da ya ga haka ba zai ce wasa ɓata lokaci ne ba. Mataki na uku ƙungiyar ƙasa, Malkia Strikers. Malkia da yarensu na Suwahili sarauniya ke nan. Sun je Olamfik a 2000 da 2004, sun je ta Tokyo, sun je ta Faris a 2024. Sharon Chepchumba, wadda anka zaɓa gwarzuwar gasar 2023, ta wanga tsani ta hau.

Mu ma muna da mataki na biyu, kada in yi ƙarya. Akwai ƙungiyar matan Kwastan, akwai ta Sibil Difens, akwai ta hukumar shige da fice, akwai ta sojan ruwa, Kaduna ma na da tata. Matsalarmu matakin farko ne ya ruɓe. Kuma an saba sai gasa ta matso a tara yara sansani na 'yan makonni, a ce su je su kara da waɗanda sunka shekara tare. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanga wasa na sabo ne. Mai ɗaga ƙwallo sai ta san tsallen kowace mai sara, wannan tana son ta sama, waccan tana son ta gajere da sauri. Wannan ba ya samuwa a mako uku.

Ɗan Arkilla: Baba Koci, Masar fa? Su me ke riƙe da su?

Koci Mai Usur: Manyan kulob ɗinsu. Al Ahly da Zamalek da kake kallo a ƙwallon ƙafa, kowace tana da ƙungiyar mata ta ƙwallon raga, da zaure mai rufi, da yara ƙanana da ake reno tun suna firamare. Kuma ƙasar Musulmi ce, ku lura da wannan.

Abu Mai Shago: Ku yi haƙuri in kawo tawa. Ni duk wannan magana ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Makarantar da ƙanwata ke zuwa, yara a ƙasa suke zama, ajin da ya kamata ya ɗauki arba'in yana ɗauke da fiye da ninkinsa, banɗaki ba ruwa. Ga yara mata birjik a ƙauyuka da ko makarantar ba su shiga ba. A wannan hali za mu zauna muna lissafin kofin Afirka? A fara gyara aji tukuna.

Maman Sadik: Malam Abu, ba wanda zai musa maka halin da makarantu ke ciki. Amma ba kuɗin benci za a ɗiba a sayi raga ba. Sanda biyu, raga ɗaya, ƙwallo biyu ko uku, toka ta zana layi. Kuma ka tambayi malamai, akwai yarinyar da abin da ke kawo ta makaranta ranar Alhamis shi ne wasan nan.

Malama Hajo: Wannan gaskiya ne, kuma ina da shaida. Doguwar da na ba ku labari, a aji uku ta kusa barin makaranta. Tsawonta ya zame mata abin kunya, yara na yi mata waƙa, tana tafiya a duƙe kamar mai neman allura. Ranar da na tsayar da ita gaban raga na ce ɗaga hannunki, yatsunta suka wuce saman raga ba tare da ta yi wani tsallen kirki ba. Ragar mata mita 2.24 ce, ta maza 2.43. Yaran da ke mata dariya suka hau tafi. Tun ranar ta miƙe. Yanzu ba ta fashi, kuma na kafa musu doka: wadda ta faɗi jarrabawa ba ta taɓa ƙwallo sai ta gyara. Malam Abu, ban ce wasa zai maye gurbin benci ba. Na ce yana riƙe wasu yaran a kan bencin.

Amma tunda an zo maganar ofis, bari in faɗi nawa ciwon. Sau uku ina rubuta takarda ina neman raga da ƙwallo huɗu. Sau uku ana ce mini an tura sama. Shekara biyu ke nan. Ƙwallon da muke bugawa yanzu da kuɗin adashina na saye ta.

Abu Mai Shago: To wannan kam ban san da shi ba. Allah ya saka miki. Har yanzu dai ina kan bakana cewa aji ne gaba, amma ba zan ce ki daina ba.

Zainabu 'yar jami'a: Akwai abin da nake ta juyawa tun da Baba na Mabera ya yi tambaya kan koci. A jami'a muna bugawa da yamma, mu kusan ashirin, amma in ka ƙirga 'yan asalin jihar nan ba mu fi uku ba. Sauran daga Kwara, Binuwai, Kaduna, Kogi. Kuma duk wanda ya taɓa koya mana namiji ne. Ina ganin nan ne bakin zaren. In mace ce koci, mace ce alƙaliya, mata ne 'yan kallo, rabin tambayoyin iyaye sun faɗi da kansu. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a garin nan. Nana Asma'u ɗiyar Shehu ta naɗa jajis, mata masu zuwa ƙauyuka suna koyar da 'yan'uwansu mata, aka kira su 'Yan Taru. Ban haɗa karatun addini da wasa ba, Allah ya tsare. Tsarin nake nufi: mace ta koya, ta je ta koyar da mata. Kwalejin ilimi ta Shehu Shagari tana yaye malamai duk shekara. A samu ko goma daga cikin matan su iya wasan nan da dokokinsa, kowace ta riƙe makaranta ɗaya.

Koci Mai Usur: Ɗiyata, kin faɗi abin da ya kamata mu tsofaffi mu faɗa tun tuni. Shugabar CAVB ɗin kanta mace ce, Bouchra Hajij 'yar Maroko, wadda anka zaɓa a 2020, kuma tsohuwar 'yar wasa ce. Ni a shirye nike in koyar da malamai mata alƙalanci da horarwa kyauta. Ba wuya gare shi ba. Zagaye maki 25 ne, sai an ba da tazarar biyu. Wanda ya fara cin zagaye uku ya yi nasara. In anka yi biyu da biyu, na biyar maki 15 ne. Sai juyawar 'yan wasa duk lokacin da sabis ya dawo hannunku, nan ne sababbi ke ruɗewa. Asabar huɗu ta isa mace mai himma ta riƙe usur. Daga nan ni in koma gefe, ba sai na shiga filin yara ba.

Ɗan Arkilla: To amma Baba, in mata zalla za a yi a cikin katanga, yaushe za a kai ga kofin Afirka? Can ai dole a fita gaban duniya.

Hajiya Inno, Runjin Sambo: Ɗana, wanda bai yi rarrafe ba ba a yi mashi maganar gudu. A cikin ɗari da za su buga cikin katanga, wataƙila biyu ne za su so su wuce, iyayensu kuma su yarda. Waɗannan biyun su tafi da suturarsu da mutuncinsu. Sauran casa'in da takwas sun samu lafiyar jiki, sun kuma zama uwayen da ba za su tsorata ba in ɗiyarsu ta ce tana son raga. Ni ban samu wadda za ta ja ni ba. Jikata da ke rubuta wannan tana aji biyu, kuma ta fi ni tsawo tun bara.

Baban Khalifa, Mabera: Inna, na ji maganarki, kuma ta shige ni. Malam ma na ji. Ban canza ra'ayi kan tafiya ba, wannan kam a bar shi. Amma akwai abin da ban faɗa ba tun farko. Babbar ɗiyar tawa ta taɓa roƙona in bar ta ta shiga, a makarantarsu, na hana ba tare da na tambayi komai ba. Har yau ba ta sake tayar da maganar ba. Malama, in da za a yi wani abu tsakanin makarantu a cikin gari, yaya zai kasance?

Malama Hajo: Abin da ke raina ƙarami ne. Na yi magana da malamai mata biyu a wasu makarantun, kowace tana da yara. In mun samu ta huɗu, sai mu nemi izinin shugabannin makarantu da na iyaye a rubuce, mu yi wasa ranar Asabar ɗaya a kowane wata, daga ƙarfe bakwai zuwa goma na safe, a makaranta mai katanga. Masu kallo ɗalibai da uwaye da malamai mata. Ba babban filin wasa na Giginya ba tukuna, ba kwana, ba fita gari. Abin da ya rage mana raga mai kyau da ƙwallaye, sai abin ɗaure gwiwa ko guda shida ne, don ƙasarmu tsakuwa ce, yara na gurjewa in sun zube ɗauko ƙwallo.

Maman Sadik: Ni zan zo da akwatin magani duk ranar da za a yi. Targaɗen idon sawu da na yatsa su ne suka fi yawa a wasan nan, ina da bandeji. A tanadi ruwa da yawa, kuma kada yarinya ta zo ba ta karya ba.

Abu Mai Shago: Ruwan leda buhu biyar daga shagona, duk wata.

Koci Mai Usur: Akwai raga a ɗakina cikin buhu, tun da na bar aiki ba a ɗaura ta ba, da tef na awo. Malama ki aiko yaro gobe bayan Azahar. Ki auna tsakiyar ragar, ba bakin sanda ba, don tsakiya ke lotsawa. In kun saba da raga mai gajarta, ranar da sunka gamu da ta gaskiya duk sararsu cikinta za ta faɗa.

Zainabu 'yar jami'a: Ni da ƙawayena biyu za mu zo Asabar ɗin farko ta koyon alƙalanci. Baba Koci a ina?

Koci Mai Usur: Malama ta zaɓi wuri, ni zan zo da usur uku.

Baban Khalifa, Mabera: Malama, ranar Alhamis uwar Khalifa za ta zo makarantarku ta ga yadda kuke yi da idonta, tare da yarinyar. Abin da ta dawo ta gaya mini, shi zan bi. Ƙarfe nawa kuke farawa?

Malama Hajo: Da an sallame La'asar. Su shigo ta ƙaramar ƙofa, za su gan mu a bayan ɗakin karatu, gindin dogon yaro. Ta zo wa yarinyar da dogon wando da takalmi mai igiya.